Reshen Tsamiyar Baba

Shekarun baya, lokacin da ɓarin jikin mahaifina ya shanye muka ɗauko shi daga Salka ya dawo wurina a Kontagora, ina da wata 'yar tsamiya a cikin kasko da nake ji da ita kamar me. A intanet na koyi abin, bonsai suke ce masa: a riƙa rage wa bishiya saiwa da rassa, a naɗe ta da wayar tagulla a lanƙwasa, har ta yi kama da tsohuwar bishiya alhali tsayinta bai kai gwiwa ba. Abokina mai gyaran fanka ne yake tsinto mini wayar, yana ba ni yana dariya, wai kowa na neman abin da zai girma, ni na zauna ina rainon abin da zai tsumbure.

Tsamiyar tana da asali. 'Yar tsamiyar gonarmu ce, wadda masu gawayi suka sare tun kafin Baba ya kwanta. Daga cikin 'ya'yanta na ƙarshe mahaifiyata ta aiko mana na kunu, na tsinci ƙwallo a cikin tuƙar na shuka. Ni a gari na tashi wurin kawuna saboda makaranta, uwar bishiyar sanin shanu na yi mata, ko hotonta babu.

Baba ya zo ba ya son magana da kowa. Mutumin da ya saba kwana da tashi a gona, ga shi sai an ɗaga shi an kwantar. Kullum da hantsi mukan fito da shi inuwar baranda, ya zuba wa bango ido. Ran nan ina gyara kaskon kusa da tabarmarsa, na gaya masa 'yar wace ce. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, da wannan harshen nasa da ya yi nauyi, "Ba haka take ba."

Na ce, "To yaya take, Baba?"

Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna. Akwai wani reshe ta gabas, in ji shi, da ya miƙe ya sauko ƙasa sosai, a nan mahaifinsa yake rataye gora da fartanya. Cikin sa'a, tawa tsamiyar ma tana da ɗan reshe a ƙasa, sai dai sama ya nufa. Na naɗa masa waya na ɗan sauko da shi. Baba ya ce a ƙara. Na yi masa bayani cewa kaɗan-kaɗan ake yi, a bar shi ya saba, bayan wasu watanni a sake, ƙila nan da damina biyu ya kai inda yake so. Kallona kawai ya yi. Ni kuma da ilimin bidiyona ban gane me na faɗa wa mutumin da likita ya riga ya girgiza wa kai ba.

Duk da haka ya farfaɗo. Ya fara shan kununsa ba faɗa, yana cewa a matso masa da kaskon. Mahaifiyata Inna, wadda ta biyo shi jinya, har hamdala take yi a fili. Abin da ba mu sani ba, in na tafi aiki, sai ya sa yatsa ya riƙa danna reshen ƙasa, yau kaɗan gobe kaɗan. Wata ranar Alhamis na dawo na tarar da gidan shiru. Reshen ya tsage daga gindinsa, ɓawo ne kawai ya riƙe shi, Baba ya juya fuska bango.

Inna ba ta jira ni ba. Ta riga ta shafa wa tsagar man kaɗanya, ta jera tsinken kara ta ɗaure da tsumma, irin yadda masu ɗori suke yi wa ƙafa. A ƙauyensu, in za a yi wa mutum ɗori, akan karya ƙafar kaza a ɗaure tare, in kazar ta taka, shi ma mai karayar ya tashi. Ta ja ni gefe ta ce, "Kai ɗan nan, ka kula da reshen nan. In ya kama, babanka ma zai miƙe."

Na ce mata wannan camfi ne, rai a hannun Allah yake. Ta ce ta sani. Amma daga ranar ni kaina na shiga uku. Kullum bayan sallar asuba nakan tsuguna gaban kaskon ina duba ganye kamar mai duba numfashi. Na sa shi a inuwa, na rufe da leda, babu bidiyon da ban kalla ba. Ganyen ya fara naɗewa, ya yi rawaya, ya riƙa zuba ɗaya bayan ɗaya a kan ƙasar kaskon. Ban taɓa jin rashin amfanin kaina irin na wannan lokacin ba.

Da reshen ya bushe ƙayau, sai na juya kaskon, ɓangaren ya fuskanci bango, na bar wa Baba mai ganye. Kwana da kwanaki bai tanka ba, har na zaci dabarata ta ci. Ranar da ya daina karɓar kunu, ya yafito ni ya ce, "Juyo ta." Na juyo. Ya shafa busasshen reshen da ɗan yatsa, ya ce, "Nan. Daidai nan yake." Ashe da ya karye ne ya sauko inda yake so. Kafin ƙarshen daminar wannan shekarar muka kai Baba makwancinsa, Allah Ya jiƙansa.

Mutane sukan ce in faɗi darasin da na koya, ni dai ban ga wani darasi ba. Bishiyar tana buƙatar shekaru, shi kuma ba shi da su, kuma babu mai laifi a cikinsu. Abin da yake ci mini rai har yau, busasshen reshen ya ruɓe ya faɗi ban auna inda ya tsaya ba, don a lokacin ko kallon kaskon ba na iyawa.

Tsamiyar tana nan. Bara ta fitar da sabon toho kusa da tabon, ya yi ƙwari har ya isa a sa masa waya. Na naɗa, na ɗauki kaskon na kai gaban Inna, na ce ta nuna mini iya inda reshen gonar ya sauko. Na lanƙwasa kaɗan ta ce kamar haka ne, na ƙara ta ce ƙila haka ne. Daga baya ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ni a ƙarƙashinta kawai nake zama in kai musu abinci, ban taɓa ɗaga kai ba."

Na warware wayar na ajiye.