Ƙaiƙayin Raƙuman Kwari

A tashar motar garin Tata wata mata ce ke tsalle, rungume da eriya mai kama da ƙayar kifi. Rana ta saɓule mata hanci, gyalenta ya zame, ba ta ma sani ba. Si Brahim mai shayi yana kallonta.

"Lalla, baiwar Allah, aure aka ɗaura miki ne?"

"Ya fi aure, Baba! Na'urarmu ta saman kwari ta yi magana!" Tana kara masa waya a kunne, wayar tana 'yar ƙara. "Ita ke aiko gargaɗi in ambaliya ta taso. Kullum sai ta yi shiru, mu zargi zafi, mu zargi duwatsu. Ashe raƙuma ne ke susa a jikin sandar na'urar, suna juya eriyarta! Na kafa musu kututturen dabino a gefe, su je can su ƙarata."

Direbobi suna ta dariya, ita ma haka. Da ganin idonta ta daɗe ba ta yi barcin kirki ba.

Si Brahim, wanda ruwan kwarin nan ya tafi da ɗiyarsa ba gargaɗi, yana cika mata kofi.

"Ƙara kunna min ita, 'yata."