Jirgin da Ƙanena Ya Bari

Akwai abin da mutum kan so ya manta ya kasa, akwai kuma wanda ko an ba shi dama ba zai yarda ya manta ba. Abin da ya faru da ni a daminar da ƙanena ya rasu ya haɗa duka biyun, kuma na san da shi zan koma ga Mahaliccina.

Ƙanen nawa gyaran waya yake yi a Tsanyawa, ni kuwa noma na sani. Ya daɗe yana tari kafin ya sayi ɗan ƙaramin jirgin nan maras matuƙi, mai farfela huɗu da kyamara a ciki, wanda ake sarrafa shi da rimot ana kallon hoton a waya. Ba don sana'a ya saya ba, sha'awa ce kawai. Da farko mutanen ƙauyenmu ba su so abin ba, domin gidajenmu da gonakinmu a cuɗe suke, kuma babu magidancin da zai so a leƙa masa tsakar gida daga sama. Shi ya sa ya ɗauki al'adar masu hawa bishiya ko rufin ɗaki. Kafin ya tashi jirgin sai ya tsaya a ƙofar gida ya ɗaga murya, “Gafara dai, za a hau sama!” Kuma bai taɓa bi da shi ta kan gidan kowa ba. Akwai wani abu ma da yake yi wanda ban ɗauke shi a bakin komai ba: yakan taka har wajen maƙwabcinmu mai shanun noma, wanda muke kira Malam, ya ce ya ɗaure su tukuna, don ƙugin jirgin kamar na taron zuma yake a kunnensu.

Wanda ya fi kowa cin moriyar jirgin shi ne mahaifinmu. Baba ya shekara uku ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai mu fito da shi zaure, ƙanena ya tashi jirgin, ya zauna kusa da shi ya kara masa wayar. Baba ya ga gonarsa tun daga kukar bakin hanya har layin gambar da ya raba mu da maƙwabci. Yakan ce, “Matsa gabas. Waccan kunyar wa ya yi ta haka a karkace?” Ƙanena ya ce, “Aikin Yaya ne, Baba.” Su yi ta dariya ina harararsu.

Wata rana ya dawo daga birni da takardu a leda, ya ce ya yi wa jirgin inshora, irin ta Musulunci da ake kira takaful. In jirgin ya ɓata ko ya karye za a biya, in kuma ya faɗa wa mutum ko dukiyar wani, za su ɗauki nauyin ɓarnar. Na yi masa dariya a gaban abokansa. Na ce, “Jakinmu da ke kai taki gona ba a yi masa takarda ba, sai abin wasan yara?” Ya ce, “Yaya, jaki ba ya faɗowa kan mutane daga sama.” Ya sha roƙona in zo ya koya mini tuƙi. Sau biyu kawai na riƙe rimot ɗin, na mayar masa na ce ina da aikin yi. Na kuma tuna ranar da ya ce in ara masa katina na ɗan ƙasa zai ɗauki hotonsa. Na miƙa masa ina mita, ko tambayarsa dalili ban yi ba.

Da ruwa ya sauka, shi ya shuka geron gonar gabas da hannunsa. Bai ga an yi maimai ba. Zazzaɓi ne ya kama shi, kwana huɗu, ranar na biyar muka kai shi makwancinsa. Ba zan tsawaita a nan ba. Allah ya jiƙansa.

Baba bai yi kuka a gaban mutane ba, amma ya daina tambayar komai. Sai wata Juma'a, bayan arba'in da 'yan kwanaki, muna zaune a zaure ya ce, “Ko geron yaron nan ya fitar da kai?” Na ce ya fitar, har ya fara bununi. Ya ce, “Da dai na gani.”

Na shiga ɗakin marigayin na ɗauko jakar. Na sa batir ɗin a caji wajen mai shago na ɗan lokaci, a ganina ya isa. Na tsaya a ƙofar gida na yi kiran da yake yi. Amma ban je wajen maƙwabci ba. Ban ma tuna ba sam.

Jirgin ya tashi a karkace, da ƙyar na daidaita shi. Na kara wa Baba wayar. Ya ga geron, kore shar, kawuna sun miƙe. Ya sa yatsa a kan gilashin ya ce, “Ya yi kyau. Hannunsa na da albarka.” Bai rufe baki ba rimot ya fara ƙara, wani jan rubutu na Turanci ya fito. Na rikice, na danna abin da ban sani ba. Jirgin ya yi ƙasa ta wajen hanya, daidai lokacin da maƙwabcinmu ke tahowa da amalanke. Ya faɗo a wuyan san dama. Shanun suka zabura, suka yi cikin kwazazzabo da amalanken. Allah ya tsare Malam, ya yi tsalle ya dira. Amma san ya karya ƙafar gaba, dole aka yanka shi a wurin, mahauta suka kwashe naman a yadda suka ga dama.

Mutumin nan da shanun nan biyu yake ci da iyalinsa, huɗa da damina, dako da rani. Sa ɗaya kuwa ba ya jan garma. Da na je gidansa da yamma ya ce, “Haba, kuna cikin makoki zan buɗe baki in ce me? Ƙaddara ce.” Na fi son a ce ya zage ni. Ina kallon ɗayan san a turke shi kaɗai, ga kaka ta matso, lokacin da ya fi samun dako.

Washegari na tuna da takardun ledar. Na kai wa kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, wanda ya fi ni boko. Ya duba shafin farko ya ce wa'adinsu bai ƙare ba, amma sharaɗin shi ne sai wanda sunansa ke rubuce ne yake tuƙi. Ya rage murya ya ce, “Ka je ka ce ƙanenka ne ya tashi jirgin, ya aiko ka don ba ya jin daɗi. Mutanen birni ina suka san ya rasu? Ba don kanka za ka yi ba, don bawan Allahn nan ne.” Na ce, “Kawu, in ɗora wa mamaci laifina?” Ya ce, “To sai ka sayar da gonar da ya shuka ka sayi sa. Zaɓi ɗaya.”

Na shiga bas zuwa Kano da karyayyen jirgin a jaka, kuma wallahi har muka wuce Bacirawa ban san abin da zan faɗa ba. Na shirya ƙaryar tsaf a bakina, na maimaita ta ya fi sau goma.

A ofishin takaful ɗin na tarar da wata mata mai matsakaicin shekaru. Ta karɓi takardun, ta karanta sunan ta yi murmushi. Ta ce, “Au, mai jirgin nan da ke nuna wa babansa gona? Ya nuna mini hotunan. Yana lafiya?” Nan ƙaryar ta narke. Na ce, “Hajiya, ya rasu.” Ta ajiye biro ta yi salati, ta yi masa addu'a. Sannan ta ce, “Wa ke tuƙi lokacin da abin ya faru?” Na ce, “Ni ne. Ban iya ba, ban kuma sanar da mai shanun ba kamar yadda shi yake yi. Na san ba ku da abin da za ku yi mini, na zo ne dai in ji daga bakinku.”

Ta tambayi sunana, na faɗa. Ta buɗe shafi na uku, wanda ni da Kawu ba mu kai gare shi ba, ta juyo mini da shi. Ga hoton katina a manne, ga sunana a ƙarƙashin nasa, a layin waɗanda aka yarda su tuƙa jirgin. Ta ce, “Shi ya dage a saka ka. Na ce masa yayan naka ya iya? Ya ce, bai iya ba tukuna, taurin kai gare shi, amma wata rana zai nuna wa Baba gona in ba na nan.”

Ban yi kuka a maƙabarta ba. A kan kujerar ofishin nan na yi shi, matar ta bar ni har na gama.

Abin bai zo da sauri ba. Sun nemi takardar shaidar rasuwa da ta mai unguwa, sun aiko mutum ya ga kwazazzabon ya ji ta bakin Malam da mahauta. Sai da aka yi girbi aka ɗaure dammuna kafin maƙwabcinmu ya samu sabon sa. Sun ce za a iya gyara jirgin, aka gyara. Na nemi wani abokin marigayin ya koya mini tuƙi yadda ya kamata, na sabunta takardar da sunana. Baba ya ƙara ganin gonarsa damina ɗaya kafin shi ma ya bi ɗansa.

Har yau in na tuna cewa saura ƙiris in yi wa yaron nan ƙarya yana kabarinsa, alhali shi ya riga ya share mini hanyar gaskiya tun yana raye, sai in yi istigfari. Na koyi cewa abin da nake kira tsirfa a wajensa, kula ce da haƙƙin mutane, har da nawa da ban nema ba. Yanzu in na ga wani yana yin tanadin da ban gane ba, ba na dariya, tambaya nake yi. Kuma duk Juma'ar da zan tashi jirgin, kafin in yi kira a ƙofar gida, sai na fara takawa wajen Malam na ce ya ɗaure shanunsa.