Intabiyu a Gaban Surukina

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, har da waɗanda na so in riƙe. Amma safiyar da na zauna intabiyu a Ƙanƙara tana nan daram, kuma na daina sa ran wata rana za ta sake ni. Har yau idan ta faɗo mini a rai ina tuƙi, sai in ga na rage gudu babu dalili.

A lokacin ina aikin wucin gadi a wani gidan rediyo a birnin Katsina, ina fassara labarai ina karantawa. Matata da yara suna Faskari tare da mahaifiyata, wadda ciwon ƙafa ya fara zaunar da ita. Sai in yi makonni ban leƙa su ba. Ana cikin haka wata ƙungiya mai tallafa wa manoma ta buɗe ofis a Ƙanƙara, tana neman mutum guda da zai riƙa zagaya ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ya ji abin da manoma ke gani a gonakinsu, ya auna shi, sannan ya mai da shi shirin rediyo na mako-mako. Na san makirufo, na tashi a gona, kuma idan na samu aikin zan koma kwana a gidana. Abin da ya kai ni ke nan.

Ban tafi da fargaba ba. A ɗakin labarai an horar da mu kada mu bar magana ta wuce sai mun yi mata tambaya uku: wa ya faɗa, ta yaya ya sani, kuma me kuma zai iya jawo hakan? Editanmu yakan dawo wa mutum da rahoto saboda kalmar "saboda" guda ɗaya da ba ta da hujja a bayanta. A wannan fannin ina ji da kaina, kuma ba a banza ba.

Mun zauna a kan benci a barandar ofishin muna jiran kira. Kusa da ni akwai wata matashiya daga wajen Sabuwa da ta karanci aikin gona. Da muka gaisa sai ta tsaya tana kallona.

"Malam, wannan muryar na san ta. Ba kai ke karanta labaran yamma ba?"

Na ce ni ne.

"To ai mu sai mu nemi mota tun rana ba ta yi ba," in ji ta, tana dariya.

Na ce mata rabo na Allah ne. A raina kuwa na yarda da ita.

Da aka kira ni na tura ƙofa da sallama. Mutum uku ne a bayan tebur. A dama akwai Hajiyar da ke shugabantar ofishin, a hagu wani matashin jami'i da kwamfuta a gabansa. A tsakiya kuwa, da farar hularsa da gilashinsa a kan hanci, Baba ne. Wan mahaifin matata, tsohon malamin gona daga Daudawa, mutumin da ya zama waliyyinta ranar ɗaurin aurenmu. Shi ya ba ni ita. Ban san an gayyato shi cikin kwamitin ba.

Ban yi shawara da kaina ba, jikina ne ya yi abin da ya saba. Na cire takalma a bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe shi, idona a ƙasa. Tun da na shiga gidansu ban taɓa zama a kujera yana zaune a kujera ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Sai da Hajiya ta ce, "Malam, tashi ka zauna mana, nan ofis ne," sannan na ɗosana a bakin kujerar kamar wanda ya zo neman gafara.

Hajiya mace ce mai tsari. Ta ce Baba ya riga ya sanar da su dangantakarmu, don haka ba zai ba ni maki ba, ita da jami'in ne za su bayar. Akwai dai tambaya guda da shi yake yi wa kowa. Sannan ta ƙara da cewa, "Amma idan ka fi son Baba ya ɗan fita, ka faɗa, ni sai in yi maka tambayar."

Yanzu da nake duba baya, nan ne aikin ya fara kuɓuce mini. An buɗe mini ƙofa, amma da wane baki zan ce surukina ya tashi ya ba ni wuri? Na ce, "A'a, Hajiya, ba komai. Baba ya zauna."

Tambayoyin farko sun tafi daidai. Yadda ake tsara shiri, yadda ake sa manomi mai jin nauyin makirufo ya saki baki, yadda ake taƙaita dogon bayani ba a cuce shi ba. Na amsa, na ga jami'in yana gyaɗa kai. Sai Baba ya gyara zama, ya cire gilashi.

"Malam, bara mun raba wani sabon irin masara a wasu ƙauyukan Sabuwa. A ƙauyukan Faskari ba mu raba ba. Da kaka ta yi, na Sabuwa suka cika rumbuna, na Faskari suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Ni dai a ganina magana ta ƙare, irin ne. Ina so shirinmu na farko ya gaya wa kowa ya bar irin gida ya sayi wannan. Mi ka gani?"

Kafin ya rufe baki na riga na ga inda maganar ta yoye, kuma ba wuri ɗaya ba. Ruwa yakan riga sauka a wajen Sabuwa, kuma a baran damina ta yi mana tsaiko a Faskari daidai lokacin da masara ke fitar da kai. Gonar gidanmu ma ta sha wannan. Ƙauyukan da ake fara kai wa irin wannan tallafi yawanci na bakin hanya ne, inda taki ma ya fi saurin isa. Sannan kowa ya san manoma da yawa a wajenmu ba su iya zuwa gonakinsu na nesa ba saboda rashin tsaro, ƙananan gonakin bayan gari kawai suka noma. Amsar a shirye take a bakina: kafin a ce irin ne, a shuka shi gefe da gefe da na gida, a gona ɗaya, da ruwa ɗaya, da taki ɗaya.

Na ɗago kai kaɗan, na ga farar hular, na mai da idona ƙasa.

"Haka ne, Baba. Gaskiya ne."

Hajiya ta ce, "Malam, ɗauki lokacinka. Ba ka ga wani abu a cikin lissafin nan ba?"

Na ce, "Ai Baba ya daɗe a harkar, Hajiya. Ya fi mu sani."

Baba ya yi gyaran murya. Yanzu na gane igiya yake jefo mini, amma a lokacin ban ga haka ba.

"To bari in ƙara maka. Mun kuma lura gidajen da suka fi samun masara, kusan kowanne akwai babur a zaure. Ka ga ke nan babur ma yana sa masara yi. Ko mu saka wannan a shirin?"

Jami'in ya sunkuyar da kai bayan kwamfutarsa, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Yaro ɗan firamare zai ce masarar ce ta sayi babur ɗin. Ni kuwa, mai gyara wa mutane "saboda" a ɗakin labarai, na ji bakina yana cewa, "To, Baba, duk yadda kuka gani."

Baba ya mai da gilashinsa, ya juya fuska wajen taga. Hajiya ta yi mini godiya cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Na tashi, na sake durƙusawa, na fita da baya. A bakin ƙofa takalmina ɗaya ya shige ƙarƙashin benci, sai da na duƙa a gaban sauran masu jira na lalubo shi.

Matashiyar nan ta ce, "Yaya dai, Malam? Sun bar mana wani abu?"

Na ce, "Sun bar muku duka."

Ta ɗauka wasa nake yi. Ita aka ɗauka. Daga baya na ji abin da ta ce wa Baba: "Baba, a gafarce ni, amma wannan bai isa a ɗora wa irin ba," ta lissafo dalilanta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma cire masa girma ba. Ta cancanci aikin, kuma na saurari shirinta shekaru, yana da kyau.

A gida na ce wa matata ba a dace ba. Ta ce, "Baban yara, ai ba aikin ƙarshe ba ne." Mahaifiyata ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, sannan ta tambaye ni yaushe zan koma Katsina. Wannan tambayar ce ta fi yi mini zafi, don na riga na sa mata rai cewa na kusa dawowa gaba ɗaya.

Kafin in koma sai Baba ya aiko in same shi a Daudawa. Na tarar da shi a zaure yana ɓarar gyaɗa. Na zauna a ƙasa nesa da tabarmarsa. Bayan gaisuwa bai yi kwana-kwana ba.

"Abu ɗaya nike so in sani. Ka gani, ko ba ka gani ba?"

"Na gani, Baba."

"Faɗi in ji."

Na faɗa masa, idona a kan ƙasa: ruwa, taki, gonakin da ba a noma ba, da yadda ya kamata a gwada irin. Maganar ta fito a jere kamar ina karanta labarai. Ya saurara har na gama.

"Da ba ka gani ba, da ya fi mani sauƙi," in ji shi. "Sai in ce iyakar kansa ke nan. Ka zaci girmama ni ka yi? Ni na tsara tambayar nan. Na sa ta a bakin tsoho da gangan, don wanda zai yi aikin nan kullum a gaban tsofaffi zai tsaya. Mai gari zai ce mishi abu kaza ne ya kashe dawa, dillalin iri zai ce abu kaza ne ya raya ta. In ya ce masu haka ne, ya hau rediyo ya maimaita, wani zai sai da akuyarsa ya sayi irin da ba zai yi a gonarsa ba."

Na ce, "Baba, kunya ce."

"Na sani. Ni ma ita ta hana ni in ce maka buɗe baki. Sai na kawo maganar babur, na ce ko dariya ta kwance ka." Ya watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Har babur, Malam."

Ban san lokacin da na rufe fuska da hannu ba.

Na yi wasu shekaru ina zirga-zirga tsakanin Katsina da Faskari kafin in samu aikin da ya dawo da ni kusa da gida. Yau ni ma nakan zauna a bayan tebur ina tantance masu neman aiki, kuma wannan safiyar tana zaune tare da ni. Ina yin irin tambayar Baba, don ban san wata hanya da ta fi ta nuna mai auna magana ba. Amma na sauya abu biyu. Da farko nakan sa kuskuren a bakin wanda ba ya ɗakin, in ce wani ne ya kawo mini wannan bayani, me ka gani? A nan nake gane ko mutum yana gani. Bayan haka sai in ce, to ni na yarda da shi, in yi shiru in jira. A nan nake gane ko zai iya faɗa. Kuma ban taɓa tambayar yaro ko yana son babba ya fita ba. Idan na ga akwai nauyi a tsakani, ni nake roƙon babban ya ɗan ba mu wuri.

Ana gab da rasuwar Baba na je duba shi. Ya ce ya ji a rediyo an ce wani magani yana hana tsutsa cin masara, don duk wanda ya fesa bana bai ga tsutsa ba. Ya kalle ni ta saman gilashi. Na ce, "Baba, a gafarce ni, ai bana ko waɗanda ba su fesa ba ba su ga tsutsa ba."

Ya yi murmushi. "Ka makara, amma ka iso."

Abin da na koya shi ne, gani daban, faɗa daban, kuma mai ɗaukar aiki yana buƙatar ya auna duka biyun. Ladabi kuwa yana cikin yadda ka faɗi gaskiya ga babba, ba cikin haɗiye ta ba. Na koyi wannan a makare, kuma mahaifiyata ce ta biya da shekarun jira.