Ranar da zana ta ƙi zuwa fili

Shekarun baya, tun muna cikin Jihar Sakkwato, kafin a yanke mana Kebbi, aka tura ni koyarwa Argungu. Ban daɗe da gama jami'a ba, kuma da yake ni ɗan Birnin Kebbi ne, ban ɗauki kaina baƙo a garin ba. Ina jin daga nan kuskurena ya fara, ko da yake ba zan rantse ba.

A unguwar da na kama haya akwai kulob ɗin ƙwallo na samari. Yawancinsu masunta ne da manoman shinkafa, sai wani mai gyaran keke da ke tsaron raga. Babu mai karɓar ko kwabo. Ni ban iya ƙwallo ba, amma da suka ji ina da digiri sai suka naɗa ni sakatare. Na ce su ba ni lokaci in yi tunani. Kafin in gama tunanin har an fara kirana da sunan muƙamin a kasuwa.

Filinmu ba shi da katanga. Ranar babban wasa akan kewaye shi da zana, a bar ƙofa guda, manya su biya sule biyu su shiga. Yara kuwa haka nan suke kwarara ciki, babu mai ce musu kanzil. Ni kullum bayan la'asar nake zuwa, in tarar da zana a tsaye an ɗaure ta tsaf. Ban taɓa tambayar wanda ke kafa ta ba. Na ɗauka leburorin ƙaramar hukuma ne, ko wani abu mai kama da haka.

Ina da aboki da muka tashi tare a Birnin Kebbi, shi ma yana riƙe da wani kulob a can. Muka shirya su zo mu yi wasan sada zumunci. Sharaɗin shi ne su za su biya akori-kurar da za ta kawo su, mu kuma mu biya kuɗin komawa daga abin da muka samu a ƙofa. Ni na yi wannan alkawari da bakina, a zauren gidansu, mahaifinsa yana ji. Tun daga ranar na shiga lissafi. In manya ba su zo da yawa ba fa? In direba ya ƙara kuɗi fa? Sai na tuna cewa a wasan da ya wuce yara sun fi manya yawa nesa ba kusa ba.

Shugaban kulob ɗinmu tela ne, a shagonsa muke taro. Na miƙe na ce wataƙila, in babu damuwa, ko da sau ɗaya ne, mu gwada karɓar sisi a hannun kowane yaro. Na kawo hujjoji. Na ce sisi ba wani abu ba ne. Na ce yaro ma yana cin wuri kamar babba. Na ƙara da wata magana da na ji a jami'a, wai mutum ba ya ganin darajar abin da bai biya ba.

Shugaba ya ɗauke ƙafarsa daga kan keken ɗinki, ya dube ni ta saman tabarau.

"To, Malam," in ji shi, "kai ka yi karatu. Yadda kag gani."

Mai tsaron raga ya yi wani tari da ban gane kansa ba. Ni kuwa na ɗauka an amince. Sai daga baya na fahimci cewa da wannan magana suke gaya wa mai ilimi ya doshi rami, ba tare da sun kunyata shi ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, mai shela ya zaga unguwa yana sanarwa: gobe akwai wasa da 'yan Birnin Kebbi, manya sule biyu, yara sisi.

Ranar Asabar, saboda ɗoki, na je fili tun bayan azahar, ɗauke da ɗan teburin da zan zauna a ƙofa. Na tarar da raga biyu, da awaki suna kiwo a tsakiya. Babu zana ko ɗaya. A can gindin wata tsamiya yara ne zaune jingim suna kallona. Ba su yi ihu ba, ba su yi dariya ba. Kallo kawai, irin na masu son ganin inda mutum zai ajiye teburinsa a filin da ba shi da ƙofa.

Na bar teburin na ruga shagon shugaba.

"Ranka ya daɗe, leburorin ba su zo ba."

"Waɗanne leburori?"

"Masu kafa zana."

Ya ajiye almakashi. "Malam, zana ta gidaje ce. Aro muka yi. Ɗiyan unguwa, yaran nan, su ka ɗauko ta tun da hantsi, su haƙa ramu, su kafa itace, su ɗaure. In an tashi su maida kowace gidansu. Shi ne kuɗin ƙofarsu, tun kahin a haihe ka."

"Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Mun ɗauka ka sani. Munka ce wataƙila ka hango wata dabara da mu ba mu hango ba."

Ina nan tsaye sai ga ƙarar mota da waƙa. 'Yan Birnin Kebbi sun iso, samari wajen ashirin a bayan akori-kura suna buga gwangwani. Na bi su fili. Abokina ya diro yana washe baki.

"Sakatare! Ina filin?"

"Ga shi nan."

Ya juya dama, ya juya hagu. "To ina ƙofar?"

Direban, wani dattijo mai guntun gemu, ya leƙo ta taga ya ƙare wa filin kallo. Bai buƙaci a yi masa bayani ba. "Ni dai ku ji," in ji shi, "in magariba ta yi ban ga kuɗina ba, ko Ambursa nan kan hanya ba ni kai su."

Babu zana, babu ƙofa. Babu ƙofa, kowa zai tsaya ya yi kallo kyauta, kuma samari ashirin za su kwana a garin da ba nasu ba saboda alkawarina. Albashi bai zo ba, abin da ke aljihuna bai kai rabin kuɗin motar ba.

Sai na tuna tsohuwar da nake haya a gidanta, wadda kowa ke kira Inna. Akwai sababbin zana uku a naɗe a zaurenta, waɗanda ake rufe albasar ɗanta da su. Na ce ko su ne in samu, in fara da su. Na same ta a tsakar gida tana sheƙar shinkafa. Na durƙusa na yi doguwar gaisuwa, sannan na kawo buƙatata a kaikaice.

Ba ta daina sheƙa ba. "Malam, bari in gane. In ba jikana sisi ya biya ka, in ba ka zana ka kange shi da ita in bai biya ba? Wane aji anka koya muku wanga?"

"Inna, ba lallai haka ake nufi ba."

"To mi aka nuhi?"

A duk karatuna babu amsar wannan tambaya.

Ta ajiye faifai ta dube ni. Ina jin tausayina ne ya kama ta. Ta ce in je in nemo mai shela ya sake zagawa. "Kuma ya ce kai ne. Kada ka ce kwamiti." Ban san yadda aka yi ta sani ba, amma kwamiti nake shirin cewa.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa da dariyarsa. Ko a wannan hali ban iya janye maganar gaba ɗaya ba. Na ji kamar in na ce duk yara kyauta, za a ce sakatare ya zube warwas. Sai na nemi tsaka-tsaki. Na ce wa mai shela ya sanar cewa Malam ya yi kuskure, kuma duk yaron da ya kawo zana zai shiga kyauta.

"Wanda ya kawo kaɗai?" in ji shi.

"Wanda ya kawo kaɗai."

Ya yi murmushin da bai kwanta mini ba, ya tafi.

Ba a ɗauki lokaci ba sai ga zana tana fitowa ta kowane lungu. Amma ban taɓa ganin an ɗauki zana haka ba. Kowace guda yara bakwai ne ko takwas a jikinta. Manyan sun ɗora ta a ka, na tsakiya sun tallafi gefe, ƙananan kuma kowa ya riƙe tsinke ɗaya da ya zaro kai, yana tafe yana nishi kamar shi ke ɗauke da ita. Wata yarinya ta zo da ƙaninta a goye. Da ta iso gabana sai ta tsaya, ta kamo hannun jaririn ta ɗora a kan zanar, ta dube ni don ta tabbatar na gani.

Shugaba ya matso kusa da ni. "Malam, duba mana da kyau. Ka ga wanda bai kawo ba?"

Ban ga ko ɗaya ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda suka yi aikin. Babu mai ba da umarni. Kowane gida ya san wurinsa, tsofaffin ramukan suna nan, sai dai a tone ƙasar da ta cike su. Zanar Inna a bayan ragar gabas take tsayawa, kuma wai kullum a nan take. Wata uku ina zaune a gidan, ina tsallake ta a zaure, ban san tana zuwa kallon ƙwallo ba.

An fara wasa a makare, alƙali ya rage lokaci. 'Yan Birnin Kebbi suka ci mu biyu da ɗaya. Manya sun zo fiye da yadda na zata, kuma ina zargin wasu ba ƙwallo ta kawo su ba, sun zo ganin ɗan bokon da zana ta kayar ne. Duk da haka kuɗin bai cika ba, ya rage kaɗan. Ina ta lalube a aljihu sai ɗaya daga cikin masuntanmu ya kawo ƙullin busasshen kifi ya ajiye a gaban direba. Direban ya ɗaga, ya shinshina, ya ce, "Ku hau." Ana kiran magariba motar ta tashi, abokina yana leƙowa daga baya yana ihu, "Sai Sakataren Sisi!" Har yau da mu duka muka yi furfura, sunan da yake kirana ke nan.

Na daɗe ina juya wannan abu a raina, kuma ba zan ce na kai ƙarshensa ba. Ban ce duk mai karɓar kuɗi a hannun yara mugu ne ba. Ƙwallo tana fashewa, mota ba ta tafiya da ruwa, kuma ni na san zafin alkawarin da babu abin cika shi. Abin da nake ta mamaki shi ne, ni a lokacin ina ganin alfarma muke yi wa yaran, ina tunanin ko za mu iya ci gaba da yin ta. Su kuwa ba su taɓa ɗaukar shigarsu sadaka ba. Sun biya tun da hantsi, ni ne ban zo da wuri na ga ana biyan ba.

Kwanan baya a unguwarmu ta Badariya, a Birnin Kebbi, aka kira ni taron wani kulob na matasa. Filinsu katangar siminti gare shi, babu ruwansu da zana. Wani saurayi da bai daɗe da gama karatu ba ya miƙe, cikin ladabi, ya kawo shawarar a fara karɓar wani abu a hannun yara. Hujjojinsa masu kyau ne, na san su sarai. Na ce, in babu damuwa, ina da 'yar tambaya: wa ke share filin, wa ke zuba toka a kan layi, wa ke ɗebo wa 'yan wasa ruwa? Aka dubi juna. Wani daga baya ya ce, "Ai yaran ne."

Saurayin ya ce wannan daban, wancan daban, ya ci gaba da bayani. Da ya gama, duk suka juyo suna jiran abin da dattijo zai ce. Na dube shi ta saman tabarau.

Na ce, "To, kai ka yi karatu. Yadda ka gani."

Ya yi godiya, ya zauna yana murmushi.