'Yan Ukun Malam Gershon

Malam Gershon Kumai ya yi shekara goma sha ɗaya yana koyar da Turanci a wata firamare da ke bayan layin dogo a Kafanchan kafin Allah ya ba shi haihuwa. Mutumin Fadan Kagoma ne, siriri, mai tafiya a natse, kuma kowa ya san shi da wani ƙamus mai jan bango. Ko a hanyar coci ka tambaye shi wata kalma, sai ya tsaya, ya lashi yatsa, ya buɗe.

A daminar 1987 matarsa Hellen ta haihu. Ana jiran ɗaya, sai ga uku, maza biyu da mace. Nas ɗin da ta fito da labarin ta ɗaga masa yatsu uku tana dariya, ta faɗa masa da Turanci, "triplets". Gershon ya nemi benci ya zauna. Aka sa wa yaran suna Simon, Eli da Doreen.

Tun daga ranar ya shiga tonon ƙamus yana neman duk kalmar da Turawa ke kiran abu uku da ita. Mawaƙa uku, "trio". Littattafai uku masu bin juna, "trilogy". Abin da ke tsaye da ƙafa uku, irin murhun Hellen, "tripod". Har fasto ya tare wata Lahadi, ya bayyana masa cewa Triniti ma 'yar gidan ce. Sai da ya tara goma sha bakwai, ya jera su da alli a bayan ƙofar ɗaki.

"Kai kana tara kalmomi, ni ina wankin tsumma," in ji Hellen. "Ajiye littafin nan ka riƙe min ɗaya."

Maƙwabciyarsu Mama Chinonye, matar wani direban jirgin ƙasa, tela ce. Duk Kirsimeti takan ɗinka wa yaran kaya daga yadi ɗaya. Da suka fara tafiya, Eli ne ya makara, ƙafarsa ba ta da ƙarfi, shi ya sa kullum yake tsakiya, Simon na riƙe da hannu ɗaya, Doreen na riƙe da ɗayan. Haka unguwa ta saba ganinsu.

A bazarar 1990 ƙyanda ta shigo unguwar. Ta kama su duka ukun, biyu suka tashi. Ranar wata Alhamis Gershon yana gaban allo, sai ya ga Mama Chinonye tsaye a bakin taga, awon ɗinki na rataye a wuyanta. Ya ajiye allin ya bi ta. Washegari aka binne Eli a Fadan Kagoma, bayan gidan kakansa.

Lahadin farko da suka koma coci, yaran biyu suna gaba, iyayen na biye. Gershon ya lura sun bar fili a tsakaninsu. Hannun Simon na dama a miƙe yake, na Doreen na hagu ma haka, yatsun a lanƙwashe, kuma suna rage sauri kamar masu jiran wani.

"Ku kama hannun juna," in ji Hellen.

Suka kama. Ba su yi taku goma ba suka saki, filin ya dawo.

"Na ce ku kama."

Doreen ta waiwayo. "Mama, muna matse shi."

Hellen ta zauna a kan wani dutse a gefen hanya, ranar ba su kai coci ba.

Fasto ya zo gida ya yi addu'a, 'yan zumuntar mata suka zo suka yi waƙa, kowa na cewa yara ne, za su manta. Amma in an zuba musu tuwo a kwano ɗaya, sai su ci gefe biyu su bar ɗaya. Da Kirsimeti ta zo, Mama Chinonye ta tsaya a ƙofa da kaya a hannu, ta kasa shigowa. "Malam, hannuna ne ya yanka uku," ta ce. "Sai da na gama ɗinki na gani." Hellen ta karɓa, ta sa na ukun a ƙasan akwati.

Gershon ya jiƙa tsumma ya goge bayan ƙofar. Da katakon ya bushe, kalmomin suka sake fitowa dishi-dishi, allin ya riga ya shige cikin itacen. Ya goge sau biyu, ya haƙura. Sai ya koma ƙamus yana neman wata kalma daban, wadda za a kira biyun da suka rage daga uku. Ya bi shafi-shafi har hutun makaranta ya ƙare, bai samu ba. Ya tambayi Mama Chinonye ko akwai a Ibo. Ta yi tunani, ta ce babu.

A 1993 ya kai su makarantar da yake koyarwa. Sabon hedimasta ya buɗe rajista ya dube su.

"'Yan biyu ne ko, Malam?"

"'Yan uku ne, ranka ya daɗe."

"To ina ɗayan?"

Simon ne ya amsa. "Yana waje, sa. Ba ya son shiga ofis."

Hedimasta ya leƙa ta ƙofa. Babu kowa a filin sai inuwar mangwaro. Ya dawo da idonsa kan Gershon, ya gane, ya rubuta suna biyu bai ƙara tambaya ba.

Bayan shekara uku Gershon ya nemi canjin wurin aiki, aka tura shi Kwoi. Can ba wanda ya san labarin. Mutane suka riƙa cewa 'yan biyun Malam, shi kuwa ya daina gyara musu. Ya sami 'yar gona yana noman citta bayan an tashi makaranta. Doreen ta shiga ƙungiyar mawaƙan yara, Simon ya zama ɗan ƙwallo, kowa da hanyarsa. Kwano kuma suna sharewa tas.

Wata rana da rani suna tsakar gida suna tsaga citta don shanya, Gershon ya dubi Simon ya ce, "Kana tuna Eli?"

Yaron ya ɗago kai, wuƙa a hannu. "Wanda ke cikin hoton Mama?"

"Shi."

"Kaɗan-kaɗan, Baba." Ya ci gaba da aikinsa.

Da yaran suka tafi ɗebo ruwa, Hellen ta ce, "Ai abin da muka yi ta roƙon Ubangiji ke nan."

"Haka ne," in ji Gershon. "Sai dai lokacin da suke ganinsa, ni ma ina sanin inda yake tsaye."

Hellen ta jawo kwandon cittar kusa da shi, suka ci gaba da tsagawa har rana ta bar tsakar gidan.