Hajiya Ramatou Iddi da Rijiyoyin Zongo

Haihuwa da karatu

An haifi Hajiya Ramatou a unguwar Zongo ta birnin Lome a shekarar 1951. Mahaifinta Malam Iddi mahauci ne, mahaifiyarta Assana kuwa atamfa take sayarwa a kasuwa. Ta sauke Alƙur'ani tun tana firamare, ta zarce sakandare, sannan ta shiga jami'ar da ke Lome, inda ta sami digirin farko a ilimin halittu a 1975.

Neman digiri na biyu

Sharuɗɗan shiga digirin bincike a lokacin su ne kyakkyawan sakamako, da tsarin bincike a rubuce, da malamin da ya amince ya kula da aikin. Na ƙarshen ne ya gagare ta, domin malaman sashen kaɗan ne, kuma kowannensu ɗalibai sun yi masa yawa. Ta shekara tana koyarwa a unguwar Djidjolé ta Lome, har wani malami ya dawo daga ƙetare ya karɓe ta a 1976.

Ta zaɓi nazarin ƙwayoyin cuta a ruwan rijiyoyin Zongo, aka kuma wajabta mata bibiyar rijiyoyin damina biyu a jere kafin ta rubuta kundi. A 1977, tana da sakamakon damina ɗaya kacal, aka tashi unguwar aka mayar da jama'arta arewacin birni, aka cike rijiyoyin. Ta yanke shawarar ajiye karatun. An ruwaito cewa suna ɗaure kaya mahaifinta ya ce mata, “Ramatou, duk inda aka kai mu sai mun haƙa rijiya. Ki biyo mu da kwalabenki na ɗibar ruwa.”

Ta nemi izinin kwatanta tsofaffin rijiyoyin da sababbi. Watanni aka yi ana muhawara a kwamitin sashe, ita kuwa tana ta ɗibar ruwa ba tare da tabbacin za a karɓa ba. Izinin ya fito ana dab da damina. A 1979 ta kare kundinta a gaban masu jarrabawa, suka amince da shi ba gyara.

Aure da aiki

Ta auri Alhaji Oumarou, ma'aikacin tashar jiragen ruwa, a 1980. Ta ci gaba da koyarwa, kuma a sabuwar Zongo ya zama al'ada a kira ta ta auna tazarar rijiya da masai kafin a sa diga. Ta sauke farali a 1988.

Rasuwa

Allah ya karɓi ranta a 2006 bayan gajeriyar rashin lafiya, aka yi mata sutura a maƙabartar Zongo bayan sallar Azahar. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Fatouma, ungozoma, Amidu, mahauci, da Hussainatu, wadda a lokacin take jiran amsar neman shiga digiri na biyu. Amsar ta iso kafin sadakar arba'in: an ɗauke ta. Allah ya jiƙan Hajiya Ramatou.