Ƙwallon da Na Tura da Ƙafa

A wancan lokacin ni ma'aikacin gwamnati ne a Gusau, ɗan asalin Tsafe, kuma ba abin da ya shiga raina kamar wasan golf, wanda ake buga ɗan ƙwallo da sanda har ya faɗa rami. A wurin wani kwas na koyo shi. Ba sana'ata ba ce, amma wallahi na iya, don kofuna huɗu na ciwo a gasar 'yan sha'awa. Gonar surukina ta Bungudu nake zuwa atisaye bayan an kwashe gero, manoma suna min dariya, wai Alhaji na korar ƙwai da sanda.

Wata rana Baba, mahaifina, ya tambaye ni wa ke alƙalancin wasan. Na gaya masa ba mai bin ka da usur. In ka motsa ƙwallo ba bisa ƙa'ida ba, kai za ka faɗa da bakinka a ƙara maka bugu, kuma mai ƙarancin bugu ke cin gasa. Tsohon ya jinjina kai, ya ce ashe wasan masu tsoron Allah ne. Daga ranar ya daina min faɗan ɓata lokaci.

A gasa ta biyar, saura rami ɗaya a gama, ƙwallona ya maƙale a gindin ciyawa. Abokin karawata ya ba ni baya. Na waiga, na sa ƙafa na ɗan tura shi, ko taƙi bai kai ba. Ban faɗa ba, kuma da ratar bugu ɗaya tak na cinye abokin karawar.

Baba ya karɓe kofin ya girke a zaurensa. Duk baƙon da ya zo sai ya sha labarin ɗansa mai wasan da ba alƙali sai Allah. Sau uku ina zuwa Tsafe da niyyar faɗa masa, in durƙusa in gaishe shi, in ce sai wani zuwan. Zuwa na huɗu, jana'izarsa na tarar.

Na mayar wa masu gasar kofinsu, na nemi gafarar mutumin da na zalunta, ya ce ya yafe. Amma har yau raina bai kwanta ba. 'Yan'uwa, don Allah in kuna da gaskiyar da kuke ɓoye wa iyayenku, ku faɗa tun suna ji. Ni nawa ya tafi yana alfahari da ƙaryata.